Katin Cikin Cingam: Ribarsa da Hasararsa

Duk wanda ya yi firamare a Dutse bayan 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano aka mai da garin hedikwata, ya san ƙamshin cingam ɗin nan da ke kama ɗan katin da ke cikinsa. Ma'aikata sun taso daga Kano da iyalansu, tireda ta yawaita daga Takur har Fagoji, masu saro minti da biskit a kasuwar Singa suka riƙa haɗowa da cingam mai hoto. Kana yage takardar sai ka ga Amita Bacan ya ɗaure fuska, ko Daramendara da ake wa laƙabi da Sarkin Ƙarfi, ko Burusli, ko Rambo da ɗamarar harsasai, ko ɗan kokawa irin su Hulk Hogan. Da Najeriya ta ciyo zinare a Atlanta a 1996, sai hotunan Kanu da Okocha da Amokachi da Tijjani Babangida suka shiga gaba. Su Sufaman da Batman da Sifaidaman sun fi zuwa mana a sitika da bangon littafin rubutu da jikin jakar gwanjo, amma ba mu bambanta ba. Mai alkyabba ya tashi sama, mai takalmin ƙwallo ya ci raga, duk gwangwanin madara ɗaya suke kwana a ƙarƙashin gado.

Yaran nan yau magidanta ne. In an haɗu wajen ɗaurin aure aka tuno zancen, har da tafawa. Ina cikinsu, ina kuma jin daɗin hirar, sai dai na lura rabin labarin muke bayarwa.

Dabarar ta girme mu nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba a Amurka da Ingila ke sa kati a kwalin sigari don kada karan ya karye, daga baya suka buga hoto a kai suka ga ciniki ya ƙaru. Masu cingam suka gaji abin. Kamfanin Topps ya fitar da Mars Attacks a 1962, hotunan halittun wata duniya suna ƙona birane, har iyaye suka yi ca aka dakatar da shi. A 1977 ya fitar da na Star Wars. Panini na Italiya ya fara littafin liƙa hotunan gasar cin kofin duniya a 1970, katunan jaruman Marvel kuma suka cika kantunan Amurka daga 1990. Abin da ya iso Dutse galibi kwaikwayo ne mai arha, launinsa ma yakan zame daga kan layi, amma ƙa'idar ba ta canja ba: a rufe ake sayarwa, wasu hotunan birjik, wasu sai an sha wuya.

Ribar farko, wadda ba a cika faɗa ba, karatu ne. Yaron da ke gudun allo a aji zai zauna ya haɗa baƙaƙen sunan ɗan wasa har ya iya, don kada a yi masa dariya a bakin famfo. Da yawa a kati suka fara jin sunan Ajas da Milan, suka nemi sanin inda Holan take. Lambar da ke bayan kati ta koya wa wasu jeri: kana da 14 da 16, ka san 15 kake nema, ba wanda ya sa ka.

Sai ciniki. Lokacin tara, a gindin darbejiya, kasuwa ce sosai ke ci. "Ba ni Burusli in ba ka Mitun biyu." "Wallahi sai uku, dubi naka duk ya lanƙwashe a gefe." Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan, ba sisi a ciki. A nan yaro ke gane cewa abin da ya yi yawa ba ya daraja, cewa kayan da aka adana ya fi wanda aka wulaƙanta kuɗi, cewa in ka cuci mutum yau gobe ba mai musaya da kai. Ɗan babban sakatare da ɗan manomi daga Kachi kan durƙusa wuri ɗaya, wanda ya fi wayo shi ne babba. Akwai kuma waɗanda suka fara zane ta hanyar ɗora farar takarda a kan kati suna bin layi da fensir. Ina kyautata zaton wasu masu rubuta allunan shaguna a yau daga nan hannunsu ya faɗa. Ko kewar kanta tana da amfani, domin takan sa mutanen da siyasa ko arziki ya raba su sake magana da murya irin ta dā.

Illar kuwa tana cikin takardar da aka liƙe. Muddin cingam yaro ya saya, kati kyauta ne, ba laifi. Amma kowa ya ga yaron da zai sayi biyar, ya yage, ya watsar da cingam ɗin ko ya raba wa na kusa, idonsa na kan hoto kawai. Wannan cinikin biri a sama ne. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san babin ciniki ya hana garari, har ya kawo misalin sayar da kifin da ke cikin kogi. Kuɗin tara ya tafi, yaro ya wuni da yunwa. In ya ƙare sai canjin cefane ya fara dawowa ba daidai ba, uwa ta ƙirga ta sake ƙirgawa. Daga nan sai wasan cinyewa: a jera kati a ƙasa a buga da tafin hannu, wanda ya kife naka ne. Wanda aka cinye yakan koma gida da jan ido yana tunanin inda zai samo na fansa. Wannan tunanin, na cewa sau ɗaya ya rage in dace, shi ne dai ke tsayar da samari a shagunan cacar ƙwallo a yau. Ban ce kati ne ya haifi caca ba, kuma mafi yawanmu mun bar abin da muka girma. Amma hannun wasu a nan ya fara sabawa.

Ba mu kaɗai muka hango haka ba. A 2001 Saudiyya ta haramta katunan Pokémon, caca na cikin dalilan da aka bayar. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya a wasannin kwamfuta caca ne. Waɗannan akwatunan su ne jikokin cingam ɗinmu, suna kuma cikin wayar da ke hannun 'ya'yanmu. Shi ya sa nake jin nauyi in na ji ɗayanmu yana yabon zamanin kati yana zagin zamanin waya, alhali dabara ɗaya ce aka sauya wa riga.

A ƙasashen da abin ya samo asali, kewa ta zama haja. Wani Ba'amurke mai suna Logan Paul ya mallaki katin Pikachu guda ɗaya a kan dala miliyan 5.275 a 2021. Kafin nan, a farkon shekarun 1990, mutane sun yi ta ɓoye kati da mujallun zane da fatan za su yi tsada, kamfanoni suka buga fiye da kima, kasuwar ta faɗi, Marvel da kansa ya shiga kotun fatara a Disamban 1996. Mu wannan bai same mu ba, domin gara da ɗigar damina sun riga sun gama da namu.

Abin da ya fi ci mini rai daban ne. A duk gwangwanin nan babu jarumi ko ɗaya da ya fito daga tatsuniyarmu ko littafinmu. Ba wai ba mu da su ba. Bello Kagara ya ba mu Ganɗoki, Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma tun 1969 ya tura yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A fagen dambe ga Shago ga Ado Ɗan Kware. Har jarumi baƙar fata mai tashi sama an taɓa bugawa don kasuwar Najeriya, wato Powerman, daga 1975 zuwa 1977, ko da yake Turawan Ingila ne suka zana shi. Amma yaron Dutse ya haddace sunayen 'yan kokawar Amurka, bai taɓa ganin hoton zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ba, ga su nan kusa da shi.

Wannan giɓin ana iya cike shi, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Akwai maɗaba'u a Dutse da Kano, akwai matasa masu zane a kwamfuta, akwai ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse da za su iya rubuta layi uku na tarihi a bayan kowane kati. A buga sarakunan Dutse da Ringim da Haɗeja da Gumel da Kazaure, da 'yan dambe, da tsuntsayen dausayin Baturiya. Sharaɗina ɗaya ne: a sa su a leda mai haske, kowane hoto a buga shi daidai da adadin ɗan'uwansa, yaro ya ga abin da zai saya kafin ya miƙa kuɗinsa.