Giyabos: Sabo Ko Sabuntacce?

Yau ba maganar taki ko iri za mu yi ba, maganar mota za mu yi. Kada wani ya ce mun saki layi, gama amfanin gona bai zama kuɗi ba sai ya isa kasuwa, kuma a zamanin nan jaki da amalanke ba su isa su kai tumatirin Kadawa ko albasar Aliero har Ikko ba.

Bara da rani wani maƙwabcina mai noman lambu ya ga giyar akori-kurarsa ta fara fita da kanta in yana hawan tudu. Bakanike ya saurara, ya ce giyabos ya gama yayi. Mutumin nan ya sayar da buhunan masara, ya tafi kasuwar kayan mota, aka nuna masa wani giyabos yana ta ƙyalli. Mai shago ya rantse masa an sabunta shi a Turai, ba shi da bambanci da sabo. Ya biya, aka ɗaura. Bayan mako biyar, mota na ɗauke da kwandunan tumatir, sai ta tsaya cik tsakanin Zariya da Kaduna. Kwana biyu ta yi a bakin hanya cikin rana. Wanda ya san tumatir ba sai an gaya masa sauran labari ba. Da aka buɗe giyabos ɗin, sai ga tsofaffin boris da cinyayyun haƙora. Ashe wanke shi kurum aka yi da kananzir, aka fesa masa fenti.

Abin da ya cuci mutumin nan rashin sanin bambanci ne. Manomi ba ya sayen san noma sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. To, giyabos ma haƙora gare shi, amma nasa a rufe su ke cikin ƙarfe, ba mai ganinsu ranar ciniki. Aikinsa kuwa shi ne ya karɓi gudun inji ya mai da shi ƙarfin jan kaya. Giya ta ɗaya ƙarfi da yawa gudu kaɗan, ta ƙarshe gudu da yawa ƙarfi kaɗan. In ya mutu, ko inji na da lafiya ƙalau, mota ba ta motsawa.

Giyabos ɗin da a ke sayarwa iri huɗu ne, ko da ya ke 'yan kasuwa sun fi son a ɗauka iri biyu ne.

Na fari shi ne sabo fil, wanda bai taɓa hawa wata mota ba. Kome na cikinsa daga masana'anta ya fito, da akwatin da haƙoran da sandunan duka. Shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, tun ba ma daga shekarar 2023 da darajar naira ta faɗi ba. Kuma tsofaffin motoci da yawa, irin waɗanda manoma su ka fi riƙewa, kamfanoninsu sun daina ƙera musu sabo. Saboda haka in wani ya nuna maka sabo na motar da ta shekara talatin, sai ka yi ta tambaya.

Na biyu shi ne sabuntacce. Wannan tsohon giyabos ne aka mayar masana'anta, aka wargaza shi sarai, ba a bar ƙusa ɗaya a ɗaure ba. A kan wanke kowane ƙarfe, a auna shi da ma'auni mai gane abin da bai kai kaurin gashi ba, a gwada da awon da maƙeransa na asali su ka ajiye. Wanda ya gaza a jefar. Kayan da su ke cinyewa da aiki, watau boris da robobin tare mai da zobban da ke daidaita shigar giya, da faifayen kuloci na cikin giya mai canza kanta, duk a kan sa sababbi ko da tsofaffin ba su mutu ba tukuna. In an san irin wannan giyabos da wata cuta tun daga ƙira, a kan gyara ta. Sa'an nan a ɗora shi bisa injin gwaji a juya shi cikin kowace giya, a buga masa lamba, a ba shi takardar garanti. Dalilin da ya sa ya fi sabo araha shi ne ba a sake narka ƙarfe an zuba sabon akwati ba, an mori tsohon da sandunan da ke da lafiya.

Na uku shi ne gyararre, wanda bakanike ya buɗe a gareji, ya cire abin da ya karye, ya sa wani, ya rufe. Abin da bai karye ba yana nan da tsufansa. Na huɗu shi ne na hannu, wanda a ke ce wa Baljiyam ko tokumbo, an kwance shi daga wata mota a ƙasar waje, an zubo shi a kwantena, ba wanda ya buɗe cikinsa. Shi ya cika Ladipo a Ikko, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna.

Sana'ar sabuntawa ba yau aka fara ta ba, kuma ba dabarar matsiyata ba ce. A Amurka ta yi ƙarfi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka tsai da ƙera motocin farar hula daga 1942 zuwa 1945, ya zama tilas a raya na hannu. A Faransa kamfanin Renault ya fara sabunta kayan motocinsa a Choisy-le-Roi, kusa da Paris, tun 1949. Kamfanin Caterpillar mai ƙera katafila ya shiga wannan aiki a 1973. A ƙasashen nan, in giyabos ya mutu, sau da yawa dillalin kamfani da kansa sabuntacce zai ba ka. Su kan kuma riƙe wani abu cikin kuɗinka sai ka kawo musu mataccen naka, domin shi ne irin da za su shuka gobe. Waɗansu kamfanonin Amurka har garantin shekara 3 ko mil 100,000 su ke bayarwa. Mutum ba ya yin irin wannan alkawari a kan abin da bai auna ba.

To, ga ra'ayina. Motar da ke neman abinci, wadda ta kwana biyu amma jikinta da injinta na da sauran ƙarfi, sabuntacce na gaskiya ya fi dacewa da ita. Sayen sabo fil domin tsohuwar mota kamar ɗaura sirdin sarki ne a kan jaki, wata rana kuɗin giyabos ya fi kuɗin motar. Sabo na motar da ba ta daɗe da fitowa ba ne, wadda mai ita ke sa ran morarta shekaru masu yawa, ko wadda garantin kamfani bai ƙare mata ba. Amma ku lura da kalmar nan, na gaskiya. A kasuwanninmu sabuntacce na gaskiya kaɗan ne, sunansa ya fi shi yawa. Fenti ba shaida ba ne. Shaida ita ce lambar masana'antar da ta yi aikin, da takarda, da mutumin da za ka iya kamawa in abu ya ɓaci. Garantin da aka rubuta a Amurka ba ya ƙetare teku ya same ka a Kura, sai in akwai wakili a ƙasar nan da ya sa hannu zai ɗauki nauyi.

Na san wani zai ce, Malam, kana magana kamar kuɗi a bishiya su ke, mu Baljiyam mu ke iyawa, kuma ga wane ya sayi nasa shekara huɗu ke nan bai ko yi tari ba. Gaskiya ne. Wani na hannun daga motar da ta yi haɗari tana sabuwa aka ciro shi, wanda ya dace da irinsa ya tsinci dami a kala. Amma wani daga motar da ta gaji da duniya ya fito, kuma a ido duk ɗaya su ke. Cinikin biri a sama ke nan. Garantinsa 'yan kwanaki ne na gwaji. In ba ka da hali sai nasa, saya, amma ka saye shi da sunansa da kuɗinsa, kada a sayar maka da shi da sunan sabuntacce.

Kada kuma a raina gyararre. Giyar hannu ba ta da rikici kamar mai canza kanta, kuma muna da kanikawa masu hannu ƙwarai. In akwatin bai tsage ba, bakanike mai amana ya buɗe a gabanka, ya canza boris da zobba da robobi duka da kaya nagari, to, ka kusa samun rabin abin da masana'anta ke yi, ka kuwa ga haƙoran da idonka. Giya mai canza kanta ita ce ba a kai wa kowa, gama tana bukatar tsabta da awo da ba kowane gareji ke da su ba.

Akawunan ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa masu motocin haya, ku ne masu alƙalami, ku yi lissafin nan da kyau. Kuɗin giyabos ba abin da aka biya mai shago kaɗai ba ne. A haɗa da ladan bakanike na saukewa da ɗaurawa, wanda za a sake biya duk lokacin da aka sake aikin, da kwanakin da mota ta yi a zaune, da kayan da su ka lalace a hanya. In an tara, sau da yawa mai arahar nan shi ne mai tsada. Araha ba ta ado.

Kafin ka biya, ka yi waɗannan. Ka tafi da bakanikenka, ba na mai shago ba. Ku gwada lambar da ke jikin giyabos da ta motarka, gama mota iri ɗaya ta kan zo da giyabos iri biyu ko uku. Ku kwance ƙusar zubar da mai ku duba: ɗan baƙin gari ba kome, amma ɓarɓashin ƙarfe ko mai mai warin ƙuna alamar ciwo ne. Ka sa a rubuta a rasit ko wane iri ne cikin huɗun nan, da kwanakin garanti, da wanda zai biya bakanike in an komo da shi. Mai shagon da ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa. Tsohon naka kuwa kada ka yi saurin ba 'yan gwangwan, ka tambaya ko za a rage maka kuɗi da shi.

In an zo ɗaurawa, a duba faifan kuloci a canza shi tun giyabos na ƙasa, kada a biya ladan aiki sau biyu. In mai canza kanta ce, a wanke bututun da ke sanyaya man giya, domin dattin tsohon ya kan kashe sabon. A zuba irin man da kamfani ya faɗa. Sa'an nan a ji tsoron Allah wajen lodi. Ko sabo fil ne, in motar buhu goma ta saba ɗaukar ashirin, haƙoranta ba za su ga tsufa ba.

Abu na ƙarshe, lokaci. Giyabos ba ya mutuwa bai yi gargaɗi ba: ya kan yi kuka, ya kan ɗiga mai, giya ta kan yi gardamar shiga. Wanda ya ji haka ya nemi magani tun amfani na gona, sa'ad da zai iya zagaya shaguna ya taya ya fasa. Wanda ya bari sai kwanduna sun cika, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kayanmu kasuwa lafiya. Sai mako mai zuwa.