Motar da ke taka burki da kanta: direbobinmu za su yarda da ita?

Duk wanda ya taɓa loda buhunan albasa daga Galmi, ko wadda ta taɓa rungumar kwandon tumatir a bayan Hiace daga Madawa zuwa Maraɗi, ya san cewa da zarar mota ta bar tasha, to jarinsa da ransa sun koma hannun mutum ɗaya, wato direba. Idan ya yi gyangyaɗi mu ne a ciki, idan ya yi ganganci mu ne a ciki. Shi ya sa muka ga bai kamata mu bar wa makanikai da masu kuɗi kaɗai zancen sauyin da ake yi wa motoci a Turai ba.

Tun daga watan Yuli na 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a can sai tana da wasu na'urori masu taimakon direba: wadda ke taka burki da kanta idan ta hango karo, wadda ke maido da mota kan layinta idan ta fara kaucewa, wadda ke gargaɗi idan an wuce gudun da aka ƙayyade, wadda ke lura da alamun barci ga direba, da kuma wadda ke nuna abin da ke baya lokacin da ake ja da baya. Wani zai ce ina ruwanmu da dokar Turawa. To ai motocin da Bature ya gaji da su su ne ke cika tashoshinmu, a da ta Kwatano, daga 2023 kuma da aka rufe iyakar Benin da yawa suka koma bi ta Lome. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Ke nan abin da aka wajabta a can yau, shi za mu hau nan da shekara goma ko sha biyar.

Ba ma sai mun jira ba, don akwai wadda ta riga ta iso tuni, wato ABS. Kamfanin Mercedes ya fara sa ta a manyan motocinsa a 1978, yau kuwa da wuya a kawo mota daga Turai babu ita. Aikinta shi ne ta hana tayoyi ƙamewa idan an taka burki da ƙarfi, domin direba ya iya karkata sitiyari ya kauce wa jaki ko amalanke yana cikin burkin. To amma idan ta kama aiki, abin taka burkin yakan riƙa karkarwa ƙarƙashin ƙafa har da ƙara. Direban da ya koyi tuƙi a matsayin karen mota cikin tsohuwar Peugeot 504, an koya masa ya riƙa taka burki yana saki, yana takawa yana saki. Da ya ji wannan karkarwa sai ya ɗauka burki ya lalace, ya ɗaga ƙafa daidai lokacin da ya kamata ya danne ta gaba ɗaya. Babu wanda ya gaya masa, shi ma maigidansa babu wanda ya gaya masa. Kuma mu faɗi gaskiya, direbobin da ke ƙorafi a kanta ba duka ne suka yi kuskure ba: a kan rairayi ko tsakuwa, mota mai ABS takan ɗauki tazara mafi tsawo kafin ta tsaya, kuma hanyoyin kasuwannin ƙauye da muke ci ba kwalta gare su ba.

Su ma Turawan ba da hannu biyu suka karɓi waɗannan na'urori ba. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta taɓa duba motocin da aka kai gareji, ta iske kusan rabin masu su sun kashe na'urar da ke gargaɗin fita daga layi, saboda kukanta ya ishe su. Da ta sake dubawa a 2024 sai ta iske kusan mota 9 cikin 10 na'urar tana kunne. Ba direbobin ne suka shiryu ba, kamfanoni ne suka gyara: da yawa suka daina ƙarar nan mai huda kunne suka koma girgiza sitiyari a hankali, wasu kuma suka ɓoye maɓallin kashewa. Direba, ko a Amurka ko a tashar Damagaram, ba ya son abin da zai riƙa yi masa tsawa a gaban fasinja. Mun sha ganin yadda ake cusa wani ƙarfe a ramin bel don mota ta yi shiru. Idan aka yi wa bel haka, yaya za a yi da na'urar da ke neman farin layi a kan hanyar da fentinta ya goge shekara da shekaru, ko kyamarar da hazon hunturu ya rufe wa ido?

Wannan shi ne ƙin na'ura. Amma akwai abin da ya fi shi ba mu tsoro, wato sakin jiki da ita. A shekarun 1980 an yi wani gwaji a birnin Munich na Jamus, aka sa wa wasu motocin tasi ABS aka bar wasu babu. Bayan shekara uku aka iske haɗari bai ragu ba ga masu ita, domin direbobin sun ƙara matse na gabansu, sun ƙara shiga kwana da gudu, tun da sun san burki na da kyau. Abin da na'ura ta ba su na tsaro, sun sayar da shi sun sayi sauri. A watan Mayu na 2016 a jihar Florida, wani mai motar Tesla ya kunna tsarin da kamfanin ke kira Autopilot, motar ta shige ƙarƙashin wata tirela da ke tsallaka hanya, ya mutu nan take. Masu bincike suka gano cewa cikin minti 37 na tafiya, daƙiƙa 25 kacal hannunsa ya yi a kan sitiyari. A watan Maris na 2018 kuma a jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta banke wata mata da ke tura kekenta da dare, ita kuwa wadda aka zaunar don ta sa ido hankalinta na kan wayar salula. A Disamba na 2023 sai da Tesla ya gyara motoci kimanin miliyan 2 a Amurka don ƙara matsa wa direba ya kula da hanya.

Mu kawo wannan gida. Mu ƴan kasuwa mu ne ke ce wa direba ya yi sauri kar tumatir ya ruɓe, kar kasuwa ta watse, kar wani ya riga mu sauke kaya. Mai mota kuma yana jiran kuɗin yini. Idan aka ba irin wannan direba motar da ke ce masa za ta taka burki idan ya makara, muna tsoron abin da zai fahimta shi ne an ba shi izinin tuƙin dare daga Yamai har Ƙwanni ba hutu. Ba muna cewa na'urar ba ta da amfani ba ne. Ita cibiyar IIHS ɗin ta gano cewa burkin da ke kama kansa ya rage karon da ake yi wa mota ta baya da kusan rabi, kuma duk wadda ta taɓa shimfiɗa hajarta a bakin tasha da yaro na rarrafe kusa da ita ta san darajar kyamarar baya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce za ta yanke hukunci a nan. Kyamarar tana manne ne a gilashin gaba, na'urar auna tazara kuma tana cikin bamba. Gilashin da tsakuwa ta fasa ba sauya shi kawai za a yi ba, sai an sake daidaita kyamarar da kwamfuta, kuma ba kowane gareji ke da ita ba. Mai mota zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ya biya ya ɗora a kan kuɗin buhu, ko ya ce wa makanike ya cire abin ya huta. Mun san wanda ya fi sauƙi, domin mun ga yadda ake yi da fitilar ABS idan ta ƙi mutuwa, a liƙe ta da baƙin salatif ko a zare ƙwan gaba ɗaya kafin a kai mota kasuwa.

Masu makarantun koyon tuƙi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi ba sa bukatar jiran wata doka kafin su ɗauki direba su kai shi fili, ya taka burkin ABS har ƙasa sau biyu sau uku, ƙafarsa ta san karkarwar tun kafin ranar da saniya za ta faɗo masa a hanya. Wanda kuma ya tara jarinsa zai sayi mota ta jigilar kaya, ya murza makulli ya tsaya kafin ya tayar da inji, ya dubi allon da ke gaban direba. Fitilar ABS ya kamata ta kama, ta ɗan jima, sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, ya tambayi dillali ina aka kai ta.