Keke mai batir: kada dillali ya yanke mana ranar mutuwarsa



Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ruwa-ruwa ya daina zama mai arha a garuruwanmu na bakin iyaka. Sai kuma ga ƙarancin man da aka sha a farkon 2025, lokacin da layuka suka yi tsawo a gidajen mai, alhali matatar SORAZ tana nan kusa da Damagaram. Wannan ya sa mutane da yawa suka juya ga keke da moto masu aiki da batir. Wasu sun sayi sabbin ƴan Sin, wasu kuma sun sayi na gwanjo daga Turai, har da VTT ɗin nan mai faɗin taya da Turawa ke hawan duwatsu da shi, wanda ya dace da yashinmu. Yanzu waɗanda suka riga saye sun fara kuka: keken ba ya cin nisa kamar da. Shin a sayar a sayi sabo, ko a gyara?

Amsoshi biyu muke ji a gari, kuma duka biyun ɓata ne.

Amsa ta farko ta dillalai ce. Da ka kai musu keke mai shekara uku, sai su girgiza kai su ce ai ya gama yayi, kawo mu karɓa a kuɗi kaɗan, ka cika ka ɗauki wani. Mako guda bayan nan sai ka tarar da keken naka an wanke shi, an goge shi, an jera shi a gaban shago da farashi ninki biyu. Ina mutuwar da aka ce ya yi? Wannan fa ba shawara ba ce, ciniki ne.

Amsa ta biyu ta masu rowa ce. Batir ya kumbura, yana zafi kamar gaushi, yana wari, amma mai shi ya ce muddin taya na juyawa babu abin da zai canza. Sai a naɗe shi da roba, a jona shi da dare cikin ɗakin da yara ke kwance. Shi wannan yana ganin tattali yake, alhali da rayuwar iyalinsa yake wasa.

Mu abin da muke cewa shi ne, ba shekaru ake ƙirgawa ba. Keke mai batir abu uku ne: batir, inji, da ƙarfen jikinsa. Kowanne da irin tsufansa, kuma kowanne da hukuncinsa.

Mu fara da batir, don shi ne ke fara gajiya. In an buɗe batirin lithium na keke, abin da ke ciki ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da batirin tocila, an jera su an haɗa. Mai volt 36 jeri goma ne. Irin wannan batir yakan ɗauki caji cikakke sau 500 zuwa 1000 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, kuma rabin caji sau biyu ɗaya ake lissafa shi. Baturen da ke hawa kekensa ranar Lahadi kawai zai iya shekara takwas bai kai wannan adadi ba. Amma ɗan makaranta ko ɗan aike da ke caji kullum, a shekara biyu ya yi sau 730. Ka ga kenan keke mai shekara biyu a hannunmu ya iya fin mai shekara shida a hannun wani gajiya.

Ga kuma zafi. Masu ƙera batir suna ba da shawarar a ajiye shi wuri mai sanyi, wajen digiri 20. Mu kuwa a Afrilu da Mayu digiri 40 muke wucewa, wani lokaci har 45 a inuwa. Batirin da aka bari cike taf a ƙarƙashin rufin kwano, ko aka jona shi nan take bayan doguwar tafiya yana zafi, tsufansa ninkuwa yake. Ƙara da wutar NIGELEC da ke zuwa ta tafi, ta dawo da ƙarfi, tana ƙona caja. Duk wanda ya sayar maka da keke bai gaya maka wannan ba, ya ɓoye maka rabin gaskiya.

Gwada batir ba ya buƙatar na'ura. Cika shi, ka bi hanyar da ka saba, da nauyin da ka saba, ka ga kilomita nawa zai kai ka. In da yana yin 60 yanzu yana yin 45, yana da sauran rai, ci gaba da aikinka. In ya koma 30 kuma hakan ya hana ka kai inda kake zuwa, lokacin canza batir ya yi. Batir muka ce, ba keke ba. Wanda fitilar ɗakinsa ta mutu ba ya rushe ɗaki.

Amma akwai alamomin da ba a jira da su: kumburi, tsagewar kwanso, zafi fiye da kima lokacin caji, wari mai kama da na sinadari, ko batirin da ya faɗa ruwa ko ya sha mugun bugu. Ranar da ka ga ɗaya, a ranar za ka fitar da shi waje, nesa da zana da itacen girki. Wutar lithium ba irin ta kara ba ce: ƙwaya ɗaya ke kunna ta kusa da ita, cikin daƙiƙoƙi ɗaki ya cika da hayaƙi mai guba, kuma ko an kashe ta tana iya sake tashi. A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai mutum 18 suka mutu a gobarar irin waɗannan batura, a garin da ƴan kwana-kwana ke isowa cikin mintoci. Mu da muka san yadda gobarar kasuwa ke cinye dukiyar shekaru a dare ɗaya, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyu, inji. Akwai wanda ke cikin cibiyar taya, akwai wanda ke tsakiya wajen feda, irin na Bosch da Shimano da ake samu a manyan VTT. Ƙurar hunturu da yashi su ne abokan gabarsa, suna cin boris da haƙoran ciki. Ƙara kaɗan ba mutuwa ba ce. Sau da yawa boris ne kawai. Haka sarƙa, birki da taya: kayan cinyewa ne, kamar takalmi. Injin tsakiya yana jan sarƙa da ƙarfi, don haka tana saurin miƙewa. Wanda ya ce ka canza keke saboda sarƙa tana tsalle, yana son aljihunka ne.

Na uku, ƙarfen jiki. Nan ne babu sassauci. Yawancin VTT masu batir da alminiyom ake yin su, wasu da kabon. In tsaga ta bayyana kusa da wuya ko inda injin ke zaune, kada a ce mai walda zai ɗinke. Alminiyom ɗin da aka ƙona ba tare da sake gasa shi yadda masana'anta ke yi ba, yana rasa ƙarfinsa, kabon kuwa ba a yi masa walda sam. Keke mai nauyin kilo 25 da ya karye ana gudu a kan titi, asibiti ne ko maƙabarta.

To yaushe ake rabuwa da keken baki ɗaya? In jikin ya tsage. Ko in batir da inji sun mutu tare, kuɗin gyaransu ya doshi na wani keke mai lafiya. Ko kuma in babu inda za a samu kayansa. A nan ne muke da magana da kamfanonin Turai. Sun ƙera batir da inji suna gaisawa da kalmar sirri, ta yadda in ka sa batirin wani kamfani, injin ya ƙi tashi. Sabon batirinsu na asali yana haura Yuro 500, wato sama da jikka 300 na sefa, ban da kuɗin hanya da na duwan. Su kansu Turawa sun gaji da wannan: dokar batura da Tarayyar Turai ta yi a 2023 ta ce daga Fabrairun 2027 dole batirin irin waɗannan kekuna ya zama wanda mai gyara mai zaman kansa zai iya cirewa ya canza. In waɗanda ke da shagon kamfani a kowace unguwa sun tashi tsaye, mu da ba mu da shi fa?

Shi ya sa VTT na gwanjo mai sheƙi yakan zama kallon kitse ake yi wa rogo. Sau da yawa mai shi na farko ya rabu da shi ne daidai lokacin da batirin ya fara gajiya, sannan ya kwana watanni cikin kwantena batir babu caji, abin da ke ƙara kashe ƙwayoyin. Kafin ka biya, nemi caja ta asali, nemi mabuɗin batir, ka hau ka yi tafiya mai nisa, sannan ka tambayi inda za ka samu batir in wannan ya mutu. In dillali ya fara kame-kame, kama hanyarka. Keke mai sauƙi da makanikin unguwa ya san cikinsa ya fi mai suna da babu mai iya taɓa shi.

Ku kuma masu gyaran batir, sana'arku muna buƙatarta, amma ku ji tsoron Allah. Kada ku cakuɗa tsoffin ƙwayoyin kwamfuta da sabbi, kada ku cire ɗan allon da ke gadin caji don ya dame ku, don shi ne ke tsayar da wuta in batir ya cika. Hukumomin gari kuma su ware wurin karɓar matattun batura, kada su ƙare a bola inda yara ke tsince-tsince kuma ake cinna wuta kowace yamma.

Dukiyarmu ce, gumi muka yi kafin mu saya. Mu auna da kanmu, mu gyara abin da ke gyaruwa, mu rabu da abin da ke iya ƙona mu. Allah ya kare mu da iyalanmu, ya sa albarka a abin hawanmu.