A Ba Ɗalibanmu Faifan Kujama Su Saurari Sama

Jama'a, duk lokacin da na'urar hangen nesa ta James Webb ta saki sabon hoto, sai ka ga 'yan Kaduna daga Kawo har Unguwan Rimi ana ta yaɗawa ana mamaki. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kullum mu 'yan kallo ne, alhali kayan aikin na bayan gidanmu.

Waɗancan gizagizai masu kyau da muke gani a hotunan, a cikinsu ake haihuwar taurari. Iskar haidurojin ce da ƙura, masu sanyin da ya kai digiri 260 ƙasa da sifili. Idan wani ɓangare ya yi nauyi sai ya dunƙule, cikinsa ya yi ta zafi har ya kama ci, shi ke nan an samu sabon tauraro. Kaza da 'Ya'yanta da kakanninmu ke dubawa haka suka fito, daga girgije ɗaya, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce.

Matsalar ita ce ƙurar tana tare haske, kamar yadda hazon hunturu ke ɓoye mana rana. Amma igiyar rediyo tana ratsa ta. Shi ya sa a 1970 masana a Amurka suka gano iskar kabon monoksaid a girgijen Orion da faifan rediyo, kuma har gobe da ita ake bin sawun waɗannan gizagizai.

To ina ruwan Kaduna? A Kujama, kan hanyar Kachia, aka kafa tashar sadarwa ta tauraron ɗan'adam mai ƙaton faifai, wadda NITEL ta yi aiki da ita. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun ƙwace wa irin waɗannan tashoshi aiki. Ghana ma tana da irinta a Kuntunse, faifai mai faɗin mita 32. Da taimakon Afirka ta Kudu suka gyara shi ya koma na binciken sama, aka buɗe a 2017. Cikin abubuwan farko da ya jiyo har da siginar iskar metanol da ke fitowa daga wuraren da manyan taurari ke tsirowa.

Na san wani zai ce, "Malam, ana fama da tsadar masara kana maganar taurari?" Gaskiya ne, yunwa ba ta jira. Amma yaron da ya iya gyara wannan faifai, ya iya tace bayanan da yake kamowa, ya riga ya zama injiniyan sadarwa. Ko WiFi ɗin da kake karanta wannan rubutu da shi, akwai hannun masu binciken sama da rediyo na Ostireliya a cikinsa.

Muna da KASU, muna da AFIT a Mando, ga ABU Zariya kusa. Hukumar NASRDA kuwa tun 1999 take. Roƙona ga 'yan majalisarmu da gwamnatin jiha: a tura injiniyoyi Kujama su duba, a gaya wa jama'a abin da zai gyaru da abin da zai ci. In faifan ya mutu, a ce ya mutu, a kafa ƙarami a jami'a. In da sauran rai, a miƙa wa ɗalibai kafin 'yan gwangwan su riga mu.

Wanda ya san ɗan majalisarsa, don Allah ya tura masa.