Gwangwanin haɗa baƙar giya: riba tana wurin mai ƙullawa

Duk wanda ke yawo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon Bature a garejin gidansa, yana zuba wani abu mai kama da maɗi cikin bokiti, yana cewa nan da mako uku zai sha baƙar giyar da ya haɗa da hannunsa, irin wadda suke kira sitawut. Ba kiran kowa ga giya nake ba, hukuncinta a addinin mafi yawanmu sananne ne. Abin da ya ja hankalina shi ne gwangwanin da ke hannunsa.

Kampanoni irin su Coopers na Ostareliya suna sayar da gwangwani mai nauyin kilo 1,7. A ciki akwai ruwan tsiron sha'ir da aka dafa ya yi kauri, haɗe da ganyen ɗaci, sai ƙullin yis a ƙarƙashin murfi. Baƙin launin kuma daga gasasshen sha'ir yake zuwa. Mai saye ya ƙara sukari kamar kilo ɗaya da ruwa, ya samu lita 23. Jiƙa hatsi, tsirar da shi, busarwa, gasawa, dafawa, duk an gama su a masana'anta. Aikin da ya rage masa shi ne motsawa da jira.

Sai dai kafin ya motsa, ya sayi bokiti mai murfi da ƴar mafitar iska, da ma'aunin sukari, da tiyo, da kwalabe, da murafe, da abin danne su, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gwangwani ya ƙare, ya koma kanti. Kuma ba ya da izinin sayar da ko kwalba ɗaya. Ingila ta soke lasisin haɗa giya a gida a 1963, Amurka ta halatta shi a 1978 zamanin Jimmy Carter, da iyakar galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, amma duka biyun don shan gida ne kawai. Ƴan uwa da ke Turai masu ganin kamar sana'a ce, su lura da wannan. Waɗanda ke Libiya ko Saudiyya kuwa, can maganar kurkuku ce. A nan gida ma, yis ɗin yana son zafi tsakanin digiri 18 da 24, to a ɗakin Maraɗi cikin watan Afrilu sai dai a yi asarar kuɗi.

Ke nan mai gareji nishaɗi ya saya. Mai cin riba shi ne wanda ya sarrafa hatsin, ya auna, ya ƙulle, ya rubuta umarni a jiki.

Abin ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Guinness ta buɗe masana'antarta a Ikeja ta Legas a 1962. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole masana'antun Najeriya suka koma ga dawa, kuma har yau tana cikin abin da suke saya, har don lemun malta marar maye da ake rabawa a bukukuwanmu. Dawar da manomi ke sayarwa da tiya, ita ce ke dawowa cikin kwalba da tsada.

Tsirar da hatsi ba ilimin Turawa ba ne. Iyayenmu mata masu kunun zaƙi sun san yadda ake jiƙa hatsi a rufe shi har ya fito da tsiro, a shanya, a niƙa, ya saki zaƙi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne awo da ƙulli. Akwai mata a Yamai da Damagaram da suka fara sa garin kunu da na fura a leda, amma sau da yawa za ka juya ledar ba ka ga ranar lalacewa ba, ba ka ga yawan ruwan da za a zuba ba.

Ɗalibin da ke Liyon ko direban da ke Niyok zai biya kuɗi mai kyau ga ƙunshin da ya haɗa garin gero, garin tsiro, citta, kanumfari da tsamiya, kowanne a aune, da rubutu cewa wannan na lita biyar ne, a dafa minti kaza. Injin liƙe leda da ƙaramin sikeli ana samun su a kasuwar Maraɗi da ta Kano. Takardar gwajin lafiyar abinci ce mai wuya, domin ba tare da ita ba kayan ba za su wuce kwastan ɗin Turai ba.