Mai talla ma yana da wuri a filin wasa

Matasa ƴan uwana, da yawanku kun shekara kuna tallar layin waya ko hajar kamfani a Maradi, Damagaram da Yamai, alhali zuciyarku tana wajen wasanni. In an ce aikin wasanni, sai ku ce ai ba ku iya buga ƙwallo ba. Ni a ganina, abin da wasanninmu suka fi rashi shi ne wanda ya iya saidawa.

Ku dubi kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tahoua, jihohi ke karɓar ta bi da bi. Yau jihohi 8 ke kawo ƴan kokowa goma-goma, Télé Sahel na nunawa kai tsaye, mai shago da ɗan kabu-kabu duk sun kasa kunne. Wane ɗan kasuwa ne ba ya son idanun nan su faɗa kan hajarsa? Amma in gasa ta watse, yawancin ƴan kokowa gona suke komawa, ba mai nema musu yarjejeniyar talla.

Ƙwallon ƙafa ma haka. AS FAN, AS Douanes, AS GNN: sojoji, duwan da garde ke riƙe da su. Ƙungiyar da ba ta da irin wannan gata, kamar Dan Kassawa ta Maradi, dole ta nemi kuɗi wajen jama'a da ƴan kasuwa. Wa zai shiga ofishin Alhaji ya gaya masa ribar da zai samu in sunansa ya hau rigar ƴan wasa? Wanda ya saba jin «a'a» sau goma kafin azahar bai karaya ba.

Gaskiya ɗaya dai: albashi ba ya jiranku a can. Kar kowa ya ajiye aikinsa gobe da safe. A fara da gasar unguwa ta lokacin babban hutu. Nemo mai shago uku su sayi riguna, rubuta abin da aka shirya a takarda, ƙirga mutanen da suka zo, ka kai musu hotuna da lissafi bayan wasan ƙarshe. Wanda ya ga amfanin kuɗinsa bana, baɗi ba sai ka roƙe shi ba.

Alfaga ya kawo mana azurfa daga Rio a 2016. Ƴan wasa muna da su. Ku da kuka iya ciniki, ku matso kusa.