Mai Gyaran Kofato, Ka Tambaya Kafin Ka Sa Wuƙa

Duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, aka fara shirin bikin Damba a Nalerigu da Yendi, kasuwar masu gyaran kofato takan buɗe. Dawakin da suka daɗe a turke sai a tuna da su ana saura 'yan kwanaki a yi hawa a ƙofar fadar Nayiri ko ta Ya-Na. A irin wannan gaggawa ce ake nakasa doki, kuma sau da yawa ba rashin iya aiki ke jawowa ba, rashin tambaya ne.

Mai karatu ya sani, kofato a hankali yake tsirowa. Bai cika wuce santimita 1 a wata ba, kafin sabo ya maye tsoho gaba ɗaya kuwa sai an doshi shekara. Ke nan idan wuƙa ta zarce sau ɗaya, mai doki zai yi watanni yana kallon dukiyarsa tana ɗingishi.

Doki ba ya magana, amma yana da masu yi masa. Yaushe ɗingishin ya soma? A kan kwalta ake sukuwa da shi ko a ƙasa? Da damina a cikin laka da fitsari yake kwana, har ƙasan kofaton ya fara wari? An ƙara masa dawa farat ɗaya don ya yi ƙiba kafin hawa? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce, domin yawan hatsi kan sauko wa doki a ƙafa, kofato ya ɗau zafi, kuma yanka ba ya maganinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai a nan, mai ɗakin sau tari ba Alhaji ba ne, yaron da ke yankan ciyawa da share barga ne, wanda ba a cika ba shi bakin magana ba idan manya na tsaye.

Akwai kuma kunyarmu. Mutumenmu ba zai ce maka aikinka bai yi ba. Zai ce "Madalla, an gode", ya biya, badi ka ji ya kira wani. 'Yan kasuwar Bawku sun san irin wannan ciniki: wanda ya dawo da ƙorafi bai bar ka ba tukuna, wanda ya yi shiru shi ne ya tafi. Don haka mai sana'a ya riƙa komawa bayan mako guda, ya sa a zagaya da dokin a gabansa, ya tambayi yaron barga a gefe.

Sauraro dai ba biyayya ba ne. Idan Alhaji ya ce a rage kofato sosai don ƙafa ta yi kyan gani ranar hawa, a faɗa masa cikin ladabi cewa ba za a yi ba, a kuma gaya masa dalili.

Su ma masu dawaki da nasu. Fataken da suka riƙa kawo dawaki da kanwa Salaga suna komawa da goro, kafin yaƙin 1892 ya watsa kasuwar, tafiyar watanni suke yi, dabbar da ta gurgunce a hanya kuwa asara ce tsantsa. Dokin yau ba ya wannan tafiya, shi ya sa kofatonsa ba ya cinyewa da kansa. A kira mai gyara duk bayan mako 6 zuwa 8, kada a jira sai an ji gangar Damba.